Shawara: In sayi sabon FC 26 ko in haƙura da tsohon faifaina?

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ta zo, a nan cikin garin Sakkwato. Na taƙaita ta, amma na bar ta da harshenta.

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, shekarata 24, ina da ɗan shago a Mabera. Shekara biyu da sunka wuce na sayi PS4 na hannu tare da faifan ƙwallo FC 24. Ba ni shan komi, ba ni yawon dare. In na rufe shago bayan Isha'i abokaina su taho ɗakina mu buga, musamman daren Alhamis da na Asabar. To yanzu FC 26 ya fito, kullum ina ganin bidiyonshi a TikTok, abokai kuma sun sa ni gaba da ba'a, wai har yau a ɗakina Mbappe na PSG, Osimhen na Napoli. Wanga wata na kwashi adashe naira 120,000, da niyyar in ƙara in sayi batirin sola saboda aikin dare. Mai shagon gem yac ce sabon faifai 95,000. Wani yac ce in ba shi 25,000 ya sa mini asusu mai wasan a ciki. Na ukku yac ce in kawo na'urar ya loda mini wasanni da yawa a kan kuɗɗi kaɗan. Inna ta ji muna maganar, tac ce wasan yara na, sai kunya ta kama ni. Amma raina na son wasan ga ƙwarai. Mi kaka gani?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ba ka amsar tun farko, dalilai su biyo baya: kada ka ba da 95,000 ɗin nan a wannan watan. Mai 25,000 kuwa, kada ka ba shi ko a wannan watan ko a na gaba. Batirinka ya fi gaggawa, wasan kuma zai jira ka, har ma ya sauko ya same ka da rahusa.

Sai dai ban yarda abin kunya kake so ba. Wanda ya wuni a kan keke tun hantsi, ido a kan allura, baya a sunkuye, ya yi sallolinsa a kan lokaci, ya rufe shago, yana da haƙƙin ya huta da abin da ke faranta masa rai. Iyayenmu sun yi dara a gindin bishiya, yayyenmu sun cika filin Giginya don kallon ƙwallo, naka zamanin ya zo da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 4, wato PS4. Ka ce ba ka shaye-shaye, abokanka kuma a ɗakinka suke taruwa inda Inna ke jin muryarku. Akwai iyaye mata da yawa a garin nan da za su yi fatan a ce wannan ce kaɗai damuwar da ɗansu ke jawo musu. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ta ciniki ce zalla. Wannan kaya, a wannan farashi, ga mai saye irinka, ya dace?

Mu fara da kayan. Wasan da ake kira FC yanzu shi ne wanda muka sani da FIFA. Kamfanin EA na Amurka ya fara fitar da shi a 1993, ya riƙa fitar da sabo kowace shekara da sunan hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, har suka raba gari bayan FIFA 23. Daga Satumban 2023 sunan ya koma EA Sports FC: FC 24 da ke hannunka, FC 25 a 2024, sai FC 26 a ƙarshen Satumban 2025. Wasan da ake fitarwa duk bayan wata goma sha biyu ba a sake gina shi daga tushe. Abin da ake sauyawa shi ne jerin 'yan wasa, rigunan sabuwar kaka, makin da aka ba kowane ɗan wasa, fuskar shafukan zaɓi, sai gyare-gyare a yadda ƙwallo ke tafiya da yadda gola da masu tsaron baya ke motsi. Kai tela ne, ka san abin da ake nufi in aka ce shaddar bara ce aka sake wa aiki a wuya. Wata shekarar aikin yakan yi kyau har ka ji bambancin a yatsunka, wata shekarar sai ka buga wasa uku kafin ka gane me aka taɓa. Abokin hamayyarsu, Konami na Japan, ya taɓa faɗin abin a fili: da ya fitar da nasa wasan ƙwallon, PES 2021, a shekarar 2020, cewa ya yi sabunta kaka ce kawai, ya kuma sayar da shi a kusan rabin farashin da aka saba.

EA kuwa cikakken kuɗi yake karɓa. Farashin wasan a Amurka kusan dala 70 ne, kuma tun da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023 dala ta yi tashin da ya kai ta sama da naira 1,500 a 2024. Ka yi lissafin da kanka, za ka ga mai shagon gem bai cuce ka ba. Abin da kaya suka iso masa ke nan. Amma ka ajiye wannan kusa da wancan: mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ba'amurke yana ba da ladan aikin 'yan awoyi ya ɗauki faifan. Kai ana neman ka ba da abin da ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Duk wanda kake gani a intanet yana cewa wasan ya cancanci kuɗinsa, da aljihun ƙasarsu yake auna shi.

Akwai kuma abin da bidiyon TikTok ba zai gaya maka ba, kuma shi ya fi damuna a kanka. PS4 ta fito a 2013, PS5 a 2020. EA yana fitar da wasa iri biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ɗaya na sabbin na'urori da kwamfuta, ɗaya na tsofaffi. Fasahar motsin 'yan wasa da suke ta yi wa talla, wadda suka kira HyperMotionV, tun a FC 24 a kan PS5 da sabuwar Xbox da kwamfuta kaɗai take. Mai PS4 bai taɓa samun ta ba. Galibin bidiyon da ke ja maka rai, da ciyawa mai sheƙi da gumi a goshin ɗan wasa, daga PS5 ko kwamfuta mai ƙarfi aka naɗo su, aka yanke wurare masu daɗi, aka ɗora kiɗa. Abin da zai bayyana a talabijin ɗinka ya fi kusa da FC 24 ɗin da kake da shi fiye da abin da kake kallo a waya. In za ka kashe data a kallo, ka shiga YouTube ka nemi cikakken wasa guda, daga busa zuwa busa, wanda aka rubuta a fili cewa a kan PS4 aka buga shi. Minti goma sha biyar na irin wannan ya fi maka gajerun bidiyo ɗari amfani.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa kafin ya sayi kowane irin wasa: ni ta yaya nake bugawa? A wasiƙarka ka riga ka amsa. Ku taru a ɗaki, hannu biyu, wato abin riƙewa da ake sarrafa wasan da shi, wannan ya ɗauki Madrid wancan ya ɗauki Barcelona, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na layi. Sashen Kick Off ke nan, kuma shi ne sashen da ya fi ƙarancin sauyawa daga shekara zuwa shekara. Ƙarfin kamfanin da yawancin sabbin abubuwansa suna tafiya ne ga sassan da ake bugawa ta intanet, musamman Ultimate Team, inda kake tara 'yan wasa ka haɗa ƙungiyarka. Kafin ka buga da wasu ta intanet sai ka biya kuɗin PlayStation Plus daban, wato rajistar da ke ba ka wannan dama, wata-wata ko shekara-shekara, sai data mai yawa, sai sabis da ba ya rawa, domin jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa a zura maka ƙwallo kana kallo. Sai wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar wasa ba, wanda kai da kake neman batir ka fi ni sanin halinta a Mabera. Ko duk ka haɗa waɗannan, mai bugun PS4 ba ya haɗuwa da mai bugun PS5 a fili ɗaya. Ashe za ka biya kuɗin wasan gaba ɗaya, ka yi amfani da ɗan yanki, yankin da kusan kana da shi a gida.

Batun Mbappe da Osimhen kuwa yana da magani kyauta. A cikin saitin FC 24 akwai wurin gyara ƙungiyoyi inda ake cire ɗan wasa daga wannan kulob a kai shi wancan. Ka ware dare ɗaya, ka zaunar da wanda ya fi kowa ba'a a cikin abokanka, ka ba shi hannu ya kai Mbappe Real Madrid, ya kai Osimhen Galatasaray, ya bi manyan ƙungiyoyin da kuke ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ai ba su wuce goma ba, na tabbata. Rigunan za su zauna na tsohuwar kaka, wasu sabbin yara da suka taso ba za ka same su ba, makin wasu kuma zai saba da halin da suke ciki yau. Wannan gibin gaskiya ne, ba na ɓoye shi. Kai za ka duba ko gibin ya kai 95,000.

Ba na so ka ɗauki maganata ita kaɗai, domin daɗin wasa a hannu yake, kuma hannun kowa daban. Ba a cinikin biri a sama. Gidajen gem sun cika garin nan, daga Mabera zuwa Gawon Nama zuwa Arkilla, da kewayen makarantu, kuma masu su suna rige-rigen kawo sabon faifai don shi ke jawo musu yara. Ka hau kabu-kabu ka je ka biya kuɗin 'yan wasanni. Sharaɗi ɗaya: ka nace a ba ka PS4, ko da mai gidan yana nuna maka PS5 ɗinsa, don kada ka gwada wani abu ka sayi wani. Ka tafi da abokin da kuka fi fafatawa, ku ɗauki ƙungiyoyin da kuka saba. Rabin awar farko kada ka yanke hukunci, komai sabo yana da daɗi a lokacin. Ka koma wata rana ka sake. Sannan ka dawo ɗakinka ka kunna FC 24 a daren nan. In ka ji tsohon ya yi maka nauyi, fas ba ya tafiya yadda kake so, ranka yana can, to wasan ya ci jarabawa, saura maganar farashi. In kuwa bayan minti biyar ka nutse kana ihu kamar kullum, ka sami amsarka da kuɗin da bai kai na yadi ɗaya ba.

Wannan gwaji yana da muhimmanci musamman ga mai PlayStation, saboda mayar da kaya yana da wuya. A shagon intanet na PlayStation kana da kwana 14 ka nemi a mayar maka da kuɗi, amma da zarar ka fara sauke wasan dama ta wuce, sai fa in yana da matsala. Masu kwamfuta da ke saye a shagon wasanni na intanet mai suna Steam sun fi samun sauƙi: cikin kwana 14, matuƙar ba ka buga ya kai awa 2 ba, ana mayar maka. EA ma yana da tsarin biyan wata mai suna EA Play da ke ba da damar gwada sabon wasa na awa 10, sai dai dole ka sauke wasan dukansa, gigabait gommai, ga kuɗin data da ya tashi tun da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Gare ka, gidan gem ya fi araha nesa.

To, a ce ka gwada ya yi maka. Ko a nan ma ba yanzu ba. A duk wasannin da ake sayarwa, na ƙwallo ya fi saurin faɗuwar daraja, domin kowa ya san wani na tafe a Satumba mai zuwa. Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi tsada, kuma a cikinsu ne ake fama da kurakuran da kamfani zai riƙa gyarawa da sabuntawa. A ƙarshen Nuwamba akwai rangwamen da Turawa ke kira Black Friday, kusan kowace shekara wasan nan yana cikin waɗanda ake karya wa farashi sosai, kuma in ya karye a can ba ya daɗewa ya karye a shagunanmu. In aka shiga sabuwar shekara faifan hannu sun fara yawo. Ka duba abin da ya faru a baya: FIFA 22 da ya fito a ƙarshen 2021, a Mayun 2022 an ba masu PlayStation Plus shi ba tare da ƙarin kuɗi ba. FC 24 naka ma haka aka yi da shi a Mayun 2024, ƙasa da wata takwas bayan mutane sun biya cikakken farashi. Daga baya ma kamfanin yakan rufe kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet a tsofaffin bugu. Wasan labari irin Uncharted 4 na 2016 ko Spider-Man na 2018 ba haka yake ba: wanda bai taɓa buga shi ba, yau ma sabo ne a wurinsa, ba ya buƙatar intanet, faifan hannunsa kuma yana da sauƙin kuɗi. In wata rana ranka ya so sabon abu a na'urar, ka tuna da wannan ɓangaren.

In lokacin ya yi, faifai za ka saya, ko sabo ko na hannu. Faifai dukiya ce da ke hannunka: za ka iya ba da aro, ka sayar, ka yi musaya da ciko. Ka ɗaga shi a haske ka duba ƙarzuwa, kada kuma ka biya sai an sa shi a na'ura ya gama shiga an buga wasa guda a gabanka. Faifan PS4 na kowace ƙasa yana aiki a na'urarka, wannan ba matsala.

Mai 25,000 shi ne wanda nake so mu daɗe a kansa, domin tayinsa ne ya fi kama da sauƙi, shi ne kuma ya fi cin mutane. Ga yadda abin yake. Mutum ya buɗe asusun PlayStation, ya sayi wasan sau ɗaya, sannan ya riƙa sayar wa mutane damar shiga asusun. Wasan ba naka ba ne. Adireshin imel nasa ne, kalmar sirri tasa ce, lasisin wasan da sunan asusunsa yake. Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, ya ba kowane asusu damar ɗaukar PS4 guda ɗaya a matsayin babbar na'urarsa. Wadda aka ba wannan matsayi tana buga wasan ko ba intanet, sauran kuwa sai suna haɗe da intanet ana tantance lasisi, in sabis ya yanke wasa ya kulle. Duk ranar da mai asusun ya ga dama ya sauya kalmar sirri, ko ya cire na'urarka ya sa ta sabon mai saye, sai ka wayi gari ka ga ɗan kwaɗo a jikin hoton wasan. Ba lallai mutumin ya zama macuci ba ma. Shi ma sau da yawa daga wani ya saro, wanda shi kansa bai taɓa gani ba, kuma in da katin banki na sata aka sayi wasan tun asali, ranar da aka gano kamfanin zai rufe asusun da duk abin da ke ciki. Sayar da asusu ya saba wa ƙa'idar Sony, don haka babu inda za ka kai kuka. Ka ƙara da cewa Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da shagon PlayStation nasu, shi ya sa asusun da ke yawo a nan na Amurka ne ko Ingila ko Afirka ta Kudu, da adireshin da ba na mai shi ba. Bayan duk wannan, sai ka sauke wasan da datarka. In ka haɗa 25,000 da kuɗin data da fargabar kullum, ka kusa kuɗin faifan hannu na watan Janairu, wanda ba mai iya ƙwace maka shi daga nesa. Araha ba ta ado.

Na ukun, mai lodi, ba zan tsawaita ba. Kutse ake yi wa manhajar na'urar don ta karɓi wasannin da ba a biya ba. Yana yiwuwa ne kawai a na'urar da manhajarta ba ta wuce wani mataki ba, bayansa kuma ka yi sallama da shiga intanet na PlayStation, sabbin wasanni kuma sukan zo a makare ko da tangarɗa. Na san abin ya zama ruwan dare, na kuma san tsada ce ta kai mutane can. Amma kai mai sana'ar hannu ne, ka san zafin a ci guminka ba a biya ba. Ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Wani gargaɗi da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya wucewa ban faɗa ba, don na ga inda TikTok ke tura matasa. Yawancin bidiyon da ake ihu ana tsalle a ciki na buɗe fakiti ne a Ultimate Team. Ka sa kuɗi na gaske ka sayi maki, ka sayi fakitin da ba ka san me ke ciki ba, ko ka dace da babban ɗan wasa ko ka tashi da tarkace, galibi kuma tarkacen ne. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan tsari caca ne a dokarsu, har EA ya daina sayar da makin a can a farkon 2019. Ƙasar da caca ke da lasisi ke nan ta ga abin ya yi yawa, balle mu da muka san hukuncin caca tun muna makarantar allo. Kuma duk ƙungiyar da ka tara a bana ba ta bin ka zuwa wasan baɗi, daga sifili za ka sake farawa. In ka sayi wasan, ko yaushe ne, kada naira ɗaya taka ta shiga nan.

Mu dawo kan 120,000. Kuɗin adashe kuɗi ne da ka riga ka yi wa suna tun ranar da ka fara zubi, kuma sunan da ka ba shi mai kyau ne. Azumi zai kama cikin Fabrairu, ƙaramar Salla cikin Maris, ka kuma san yadda shagon tela yake a goman ƙarshe: aiki har asuba, masu kaya a tsaye a ƙofa. Telan da ke da haske da fanka a daren nan yana karɓar ɗinkin da maƙwabcinsa ya mayar. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma, janareta ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. Batirin zai dawo maka da kuɗinsa, faifan kuwa daga ranar da ka ɓare ledarsa yake raguwa. Ka ƙirga kaya nawa za ka ɗinka kafin ribarsu, ba cinikinsu ba, ta kai 95,000. Kai kaɗai ka san adadin, kuma ina zaton in ka faɗe shi da baki za ka ji nauyinsa.

Har ta fuskar wasan ma batirin ya fi maka amfani. In tsarin solarka yana da inbata, ko ka samu ka caja wani ƙarami ka kai ɗaki, daren Alhamis ɗinku ba zai riƙa yankewa ba. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana lalata bayanan da ke cikin PS4, shi ya sa take tsayawa duba kanta in aka sake kunna ta. Na'urar da ka saya ta hannu kuma ta kwana biyu. Sony ya ce a yi amfani da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, ga ƙurar hunturu da ke tafe za ta cika mata fanka. In ka ji tana ƙara kamar za ta tashi sama, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share ta, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka daina rufe ta da ƙyalle tana aiki. In sandar ɗaya daga hannuwanku ta fara ja gefe da kanta, a gyara ko a sauya. Waɗannan ƙananan kuɗi ne, amma su ke sa dare ya yi daɗi. Sabon faifai a cikin na'urar da ke mutuwa saboda zafi ba abin da zai ƙara muku.

In kuna son ɗanɗana sabon abu kafin lokacin, eFootball na Konami, magajin PES, kyauta ne tun 2021 kuma yana kan PS4. Datar saukewa kawai zai ci, sai dai ƙungiyoyin da ake iya ɗauka a buga a ɗaki ba su da yawa.

Abokanka fa? Ɗakinka, na'urarka, talabijin ɗinka, wutarka, wataƙila har shayinka. Ba laifi, haka zumunci yake. Amma wanda ya ga Mbappe a PSG ya dame shi, ya sa hannu a aljihu. Ka gaya musu cikin raha cewa ka amince a sayi FC 26, karo-karo, a watan Disamba. In ku shida ne, kuɗin da ya yi wa mutum ɗaya nauyi ba zai gagari kowa ba. Ku yi magana tun farko a kan inda faifan zai zauna da yadda za a raba in an sayar, don ƙaramin abu irin wannan yana ɓata abota. Daga amsarsu za ka gane ko da gaske suna son wasan ko bakin ba'a ne kawai, kuma ko wanne ne ka huta.

Inna kuma, kada ka yi gardama da ita a kan ko wasan na yara ne ko na manya, ba za ka ci wannan muhawarar ba, ba kuma ita ce ainihin damuwarta ba. Ta ji an ambaci kuɗin da ya kusa cinye adashenka a kan abin da ba a ci ba a sawa, hankalinta ya tashi, kuma tana da gaskiya. Ka sayi batirin, ka nuna mata, ka ce mata Inna ga abin da na yi da kuɗin. In ka samu hali ka ja mata ƙwan lantarki ɗaya zuwa ɗakinta. Ka kula kada wasan ya ci muku sallar Asuba, kada ihunku ya hana gida barci. In ta ga haka, ranar da za ka sayi faifan daga ribar aikinka ba sai ka ɓoye ba, kada ma ka ɓoye.

Ga yadda nake so ka bi da shi. Wannan makon ka je gidan gem ka gwada a PS4. Kuɗin adashe su tafi ga batir kamar yadda ka yi niyya. Daga yau ka riƙa ware wani ɗan abu daga kowane ɗinki a gefe, na nishaɗi, ka kuma sa wa kanka iyakar da ba za ka wuce ba, ni a ganina kada rabonka ya haura rabin abin da mai shagon ya faɗa. A farkon Disamba ka zagaya shaguna biyu ko uku ka ji farashi, ka tambaya nawa za su karɓi FC 24 a musaya. In bai sauko yadda kake so ba, ka ƙara wata ɗaya, na hannu za su fito. Kada dai ka saki tsohon faifanka sai sabon ya gama shiga na'urarka kun buga wasa guda cikakke a kansa.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ka gaishe mini da Inna.